Aron Rumbun Baba

Yayana ba ya cewa "to" a zama ɗaya. Haka Allah ya yi shi. Ko tsintsiya ka je aro gidansa sai ya ce bari ya duba, ya kwana a kan maganar, sannan ya aiko maka da wadda ta fi tsufa. Shi ya sa ranar da na roƙe shi aron rumbun mahaifinmu ya ce "to" tun ban gama rufe baki ba, sai na tsargu. Na ce a raina, akwai wata a ƙasa.

Ni mai zanen gine-gine ce. Abin da na karanta ke nan, da shi kuma nake ci, kodayake mutanen ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa Injiniya suke ce mini, in kuma tsokana ta motsa su ce maginiyar da ba ta taɓa laka ba. Wata shekara bayan kaka, wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi a Kazaure ya shirya baje kolin kayan noma na da, su garma da hauya da magirbi da ƙorai. Mai kula da gidan, wani dattijo da in ya fara magana sai ka nemi wurin zama, ya ce yana so a kafa wani abu a filin gaban ginin wanda zai sa mai wucewa ya tsaya ya shigo. Sharaɗinsa ɗaya ne, abin ya zama na wucin gadi. Ba siminti, ba tono mai zurfi, kuma kafin ruwan farko a kwashe komai filin ya koma yadda yake.

Sharaɗin nan shi ya ja ni. Na gaji da zana wa 'yan kasuwa shaguna masu ƙofar ƙarfe, kowa na so nasa ya yi kama da na maƙwabcinsa amma ya fi shi tsawo. Na je filin na zauna a kan wani falalen dutse, na lura da inda rana ke faɗawa ta bayan duwatsun garin da inda iska ke bugowa. Abin da na zana hanya ce mai lanƙwasa tsakanin bangon zana biyu, ƙuntatacciya daga farko kamar shiga zaure, tana buɗewa a hankali har ta fito da mutum tsakiyar fili. A nan rumbu guda zai tsaya a kan duwatsunsa. Gefensa ɗan dandamalin katako mai matakala, mutum ya hau ya leƙa ciki, ya ga bayan saƙar, ya ga yadda haske ke ratsowa ta tsakanin gamba ya zuba a ƙasan rumbun da ba komai a cikinsa. Duk ɗauri ne da igiyar rama, ba ƙusa ko ɗaya. Zanar a wajen Roni na sa aka saƙo mini, gofofin da za su riƙe ta kuwa a kasuwar Babura na zaɓo su da hannuna. Abin da na ƙi yarda a saƙa sabo shi ne rumbun. Sabon rumbu fari ne fat, ba ya ƙamshin komai. Ina son wanda ya sha rana ya sha hayaƙin gida, kuma irin wannan guda ɗaya na sani, na Baba, wanda Yaya yake ta yi wa kwaskwarima duk shekara, ya sake jinka, ya ƙara tanka.

Mu biyu Baba ya bari, ni da Yaya. Da ya rasu ba a raba gona ba, ba kuma wanda ya tada maganar. Yaya yana nomawa, ni ina birni. In na je gida sai in ga gonar a haɗe tun daga bakin hanya har rafi, da tsamiyar nan a cikinta, in ji cewa har yanzu ina da gida. Ban taɓa neman ko zangarniya ɗaya ba. Ba hatsi nake so ba, so nake a bar ta yadda Baba ya bar ta, in buɗe baki in ce gonarmu. Amma fa ina da kunne. Na sha jin yadda ake yi wa mata a irin wannan, a miƙa miki tsohuwar tukunya ko wata akuya gurguwa a gaban mutane, shekara na zagayowa a ce ai ita ta karɓi nata. Wannan tsoron na daɗe da shi a ƙasan raina, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A zaure na same shi ranar, yana tufka igiya. Bayan mun gama gaisawa, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, na yi masa bayanin baje kolin dalla-dalla, har na fito da zanen na shimfiɗa a kan tabarma. Bai kalli takardar ba. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar, ya ɗago ya dube ni.

"Rumbun Baba kike so, Auta?"

Na ce shi, amma aro ne, kafin damina zan dawo da shi.

"To. Ni zan kawo miki da kaina."

Shi ke nan. Ba bari in duba, ba sai an sha iska. Matarsa ta shigo da fura a daidai lokacin, ta ji ƙarshen maganar. Ita da ba ta taɓa barina in zauna lafiya ba, kullum sai ta ce 'yan birni sun zo cinye mana nono, ranar ajiye ƙwaryar kawai ta yi ta juya. Na bi ta da kallo. Na sake cewa aro ne fa, da ƙarfi, don ita ma ta ji daga tsakar gida. Yaya ya ce ya ji. Furar nan ban ji daɗinta ba.

Duk hanyar komawa Kazaure ina ta juya abin. Me ya sa bai bari in aiko da ma'aikatana ba? Me ya sa bai ja ba? Mutumin da ya sa na yi sintiri kafin ya ba ni aron tsohuwar rediyon Baba, wadda ma ba ta kamawa, shi ne zai saki rumbu guda haka kawai? Kafin in kai gari na gama yanke masa hukunci. Na ce wato ya samu tukunyar da zai miƙa mini, kuma ni na kai kaina.

Ranar da aka ce zai zo, na isa filin da hantsi na tarar an gama. Rumbun na zaune a kan duwatsun da na tanada, daidai inda na yi alama da toka, an kifa jinkar an ɗaure ta tamau da sabuwar igiya. Yaya ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba. Na tambayi maigadin gidan yadda aka yi. Ya ce tun bayan asuba mota ta iso, kuma bayan sun kafa rumbun sun yi ta jidar wasu kaya a naɗe cikin zana suna miƙawa ciki, bai ga ko mene ne ba don ba a leƙa wa mutum kaya. Ya ce da wasu dattawa biyu suka zo, ɗaya ma da sanda yake tafiya. Kafin su hau mota mai sandar ya matso ya ce masa, kai ma ka shaida an kawo.

Tsoho mai sanda dai ba dako ya zo yi ba. Na kira wayar Yaya ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Da na sake kira matarsa ta ɗauka, ta ce yana gona. Na ce gonar me ana tsakiyar rani? Ta ce haka dai ya ce, ta kashe.

Ban buɗe rumbun ba. Dalilina biyu ne, kuma dukkansu ba na mai ilimi ba ne. Na farko, na sa a raina cewa in na kwance igiyar nan na karɓa ke nan, duk abin da aka ƙulla ya tabbata. Na biyu, a gidanmu mace ba ta leƙa rumbu. Baba ke shiga ya fito da na awo, bayansa Yaya. Ni da na zana wa baƙi matakala su hau su leƙa, ban taɓa ganin cikin rumbun ubana ba. Sai na juya masa baya na kama aikin bangon zana. Muka kafa gofofi, muka zuba toka a gindinsu saboda gara, muka ɗaure, muka kwance inda lanƙwasar ba ta yi mini ba, muka sake ɗaurewa. Na yi ta yi wa ma'aikata faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har suka fara raɗa cewa Injiniya ta tashi da ƙafar hagu.

Amma rumbun bai bar ni ba. A lissafina, rumbun da ba komai a ciki dole in jera masa duwatsu a ciki don ya yi nauyi, in ba haka ba iskar da ke gangarowa daga dutsen nan ta yamma za ta tuntsurar da shi. Iskar ta zo, ta kaɗa mini bango har sai da muka ƙara tokara, rumbun kuwa ko gezau. Sannan tsuntsaye. Duk safiya sai in tarar da su sun yi layi a kan jinkar, suna tsattsage bakin saƙar. Kajin unguwa ma suka gano wurin. Na san abin da wannan ke nufi, na ƙi sani. Har tunanin banza sai da na yi, ko wani abu aka cusa a ciki don a rufe mini baki, ni da nake dariyar masu irin wannan tunanin.

Mai kula da gidan ya gaji da ni. Ya same ni ya ce, Injiniya, an yi matakala an yi dandamali, to me mutane za su hau su kalla, igiya? Gaskiyarsa. Ana gobe buɗe baje kolin na sa aka kwance, ma'aikata suka ɗaga jinkar suka ajiye gefe. Na hau matakalar da na zana da hannuna, na leƙa.

Gero ne. Dammuna a jere, kai da ƙafa, har wuyan rumbun, kowanne da irin ƙullin Yaya, wanda yake murɗawa sau biyu ya soke bakin ta ƙasa. Ƙamshin ya buge ni, ƙamshin wajen rumbunanmu da kaka. Ban yi murna ba. Haushi ne ya cika ni, da tsoro. Na ce wato ba da tukunya kaɗai za a sallame ni ba, har da guzuri.

Dattijon nan mai kula da gidan kuwa kamar ya yi rawa. Ya ce kada a taɓa ko zangarniya, ai haka ya fi. Haka aka buɗe. Mutane suka yi ta bin hanyar zanar suna fitowa tsakiya, su hau su leƙa. Tsofaffi su miƙa hannu su murza, su shinshina, su ce kai, gidan nan manoma ne. Hasken da na kwana ina lissafawa ba wanda ya gan shi, don ba inda zai ratsa. Aka yi ta yaba mini a kan dabarar cika rumbu da hatsi na gaske, ni kuwa ina yaƙe ina cewa na gode.

Da hayaniyar buɗewar ta lafa na kama hanyar gida. A mota na shirya duk abin da zan faɗa masa. Zan ce ban karɓi komai ba, ya aiko a kwashe geronsa, kuma duk wanda ya ce ya shaida wani abu ya zo ya maimaita a gabana. Hanyar shiga ƙauyenmu ta gefen gonar take bi kafin ta kai gida. Ina zuwa daidai wurin na taka birki.

An jera duwatsu. Layi ne miƙaƙƙe, ya tsaga gonar daga gefe zuwa gefe, ya wuce ta gindin tsamiya, da turaku a kakkafe tsakani. Na fito na bi shi da ƙafa cikin kututturan kara har ƙarshe. Mai zane ce ni, na san layin da aka ja da igiya in na gan shi.

Na shiga gida ba sallamar kirki. Matar Yaya ta tare ni a tsakar gida, ta riƙe mini hannu ta ja ni ɗakinta. Ita ta fara yi mini faɗa ma. Ta ce me suka yi mini? In wani abu aka yi ai sai in faɗa, ba in zo rana tsaka in nemi kayan Baba a fitar daga gida ba. Na ce kayan Baba kuma? Rumbu na ara. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce ashe da gaske makarantar kwana ta cinye ni. A danginmu wa ya taɓa buɗe baki ya ce a raba gado? Ai da kunya. Wanda yake son nasa sai ya zo ya nemi wani abu na mamacin ya fita da shi daga gidan, babba kuma ya gane, ya tara mutane ba tare da an kunyata kowa ba. Ta ce haka ƙanin Baba ya yi da sirdin kakanmu, haka goggonmu ta yi da turmin mahaifiyarsu. Labarin sirdin nan na san shi tun ina yarinya. Ban taɓa sanin abin da ya biyo bayansa ba.

Yaya na bayan gida inda rumbuna suke, yana zaune a kan turmi a kife. Na durƙusa na gaishe shi, don ko ana faɗa ba a fasa wannan.

"Yaya, me na gani a gona?"

"Naki ne. Daga tsamiya zuwa rafi. Liman ya yi lissafi, dattawa sun shaida. Ban rage miki ko taki ɗaya ba."

"Wa ya ce a raba?"

"Ke."

Na ce wallahi ban ce ba. Na ce rumbun na ɗauka don mutane su zo su kalla, na nuna masa takarda ma ranar. Sai ya tambaye ni, ba da gatse ba, tambayar mai son sani.

"Wa ke zuwa kallon rumbu, Auta?"

Ya ci gaba, idonsa a ƙasa. Ya ce tun rasuwar Baba, duk kaka sai ya cika rumbun nan da sunana, ba a taɓa shi sai sabo ya shigo, ko a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri suka koma awon masara a kasuwa. Ya ce ya san ranar za ta zo, bai dai zaci ba zan iya faɗa masa abin da ya yi mini ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar jana'izar Baba.

Na ce to a kwashe duwatsun. Kuskure ne, ga shi na faɗa da bakina. Ya girgiza kai. Ya ce abin da liman da dattawa suka shaida ba mutum biyu ke warware shi a bayan gida ba, in ya kwashe yau gobe 'ya'yansa da nawa ne za su tsaya gaban alƙali. In ina so ya ci gaba da noma mini nawa, zai yi, amma sai na faɗa a gaban mutane.

Ba a cuce ni ba, wannan dole in faɗa. Ɓangaren rafi ya fi ƙasa mai kyau, kowa ya sani, kuma shi aka ba ni. Abin da na ji tsoro bai faru ba. Amma na fita daga gidan ranar ina kuka kamar wadda aka kora, don tun daga lokacin ba ni da bakin cewa gonarmu.

Kuma har yau zuciyata ba ta kwanta da maganar ba. Wani lokaci in tuna jan idon nan in ce Allah ya sani bai gane ba ne, na ɓata masa rai ba da niyya ba. Wani lokaci kuma in tuna duwatsun. Da na bi layin da ƙafa na lura kusan girmansu ɗaya, zaɓaɓɓu ne, wasu ma da tsohon gansakuka a gefe ɗaya irin na dutsen da ya daɗe a tsibi. Ba a tara irin waɗannan tsakanin Juma'a da Juma'a. Yaya na da 'ya'ya maza da suka tasa, kuma mutum ne mai son sanin iyakar abinsa. Ko ya tara su ne don tsoron ranar, ko don jiran ta? Na taɓa tambayar matarsa, ta ce ita ba ta shiga maganar gona.

Da hadari ya fara haɗowa ta gabas muka kwance aikin Kazaure. Komai ya warware yadda na tsara. Aka kwance igiyoyi, aka naɗe zana, aka zare gofofi aka cike ramukan, aka share toka. Kafin la'asar in ka ga filin ba za ka ce an taɓa kafa ko tsinke a wurin ba. Dattijon ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba.

Na ɗora rumbun da geronsa a mota na bi su a baya har ƙauye. Yaya ya fito ƙofar gida ya tare mu. Ya gaisa da direba, ya zagaya ya duba ɗaurin, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ina za a sauke miki shi?"

Na ce a mayar da shi inda yake, bayan gida, kusa da nasa. Duwatsun da ya tashi a kansu ma suna nan, na gan su.

Ya daɗe yana kallon wajen katangar. Sannan ya ce, "Bari in duba."

Direba ya kashe mota, muka tsaya a rana muna jira.